Ɗan rap zai iya aktin ɗin rayuwarsa? Amsa ga ƙanena kan Eminem da 50 Cent

Wani ƙanena ne ya turo min wannan tambayar, wai sun yi ta gardama a majalisarsu har dare ya raba: shin mawaƙan gambara, 'yan rap ɗin nan, suna iya aktin da zai gamsar da mai kallo idan aka sa su a fim ɗin da aka tsakuro daga tarihin rayuwarsu? Shi a ganinsa dole su iya, tunda abin da ya same su ne, wa zai fi su sanin yadda aka yi. Abokinsa kuma ya ce duk tallan waƙa ne kawai aka naɗe da sunan fim.

To ƙanena, ni dai na daɗe a harkar nan, na tsaya a bayan kyamara na kuma kwana a gaban kwamfuta ina yanka fim ina haɗawa, kuma abin da na gani shi ne kaɗan ne suka iya, da yawa ba su iya ba, sannan wannan hujjar taka ta "ai rayuwarsa ce" sau da yawa ita ce ma take kayar da su. Na san za ka ce ta yaya, to bari mu ɗauki finafinai biyu da kamar da gangan aka yi su don a raba muku gardamar nan.

Na farko 8 Mile na Eminem, 2002. Na biyu Get Rich or Die Tryin' na 50 Cent, 2005. Shekara uku ce tsakaninsu, kuɗin da aka kashe kusan ɗaya ne, wajen dala miliyan 40 kowanne, Jimmy Iovine yana cikin furodusoshin duka biyun, shi 50 ɗin ma a ƙarƙashin kamfanin Eminem da na Dr. Dre yake a lokacin. Kuma babu wanda aka ba wa ƙaramin darakta. Eminem ya samu Curtis Hanson wanda ya yi L.A. Confidential, 50 ya samu Jim Sheridan ɗan Ayalan, mutumin da ya yi My Left Foot, fim ɗin da Daniel Day-Lewis ya ci Oscar ɗinsa na farko da shi, marubucin kuma Terence Winter ne na The Sopranos. Wato ba za ka ce an rage wa ɗaya miya ba. Amma 8 Mile ya tara sama da dala miliyan 240 a duniya, na 50 kuwa da ƙyar ya wuce miliyan 46, wato idan ka cire rabon gidajen sinima da kuɗin talla ko uwar kuɗi bai mayar ba. Kuɗi ba shi ne ma'aunin aktin ba, na yarda, amma a nan abin da akwatin kuɗi ya faɗa da abin da ido yake gani sun zo ɗaya.

Kuma abin mamakin, labarin 50 ya fi na Eminem zafi nesa ba kusa ba. Mutumin da mahaifiyarsa ta mutu yana ɗan shekara 8, kakanninsa suka riƙe shi a unguwar South Jamaica da ke Queens, ya sayar da ƙwaya tun yana yaro, aka ɗirka masa harsashi 9 a shekarar 2000 a ƙofar gidan kakarsa, ɗaya ya shiga ta kumatu ya taɓa harshe har ya canza masa yadda yake furta magana, kuma ya tashi ya zama babban mawaƙi. Wannan ai ko a tatsuniya aka ba ka sai ka ce an ƙara gishiri. Shi kuwa Eminem a fim ɗinsa me ya faru? Saurayi ne talaka a Detroit a 1995, yana aiki a masana'antar buga ƙarfen mota, ya rabu da budurwarsa ya koma wurin uwarsa a gidan tirela, irin gidan kwanon nan mai taya da talakawan Amurka ke zama a ciki, yana so ya ci gasar zambo ta rap a wani kulob. Shi ke nan fa. Idan da zafin tarihi ne yake yin aktin da 50 ya cinye gasar tun kafin a kunna kyamara.

Ga inda matsalar take. Rap a asalinsa kirari ne. Ka tuna ɗan dambe idan ya shiga fili ya ɗaga hannu sama yana kirari makaɗa na zuga shi, ba za ka taɓa jin ya ce jiya ya kwana da zazzaɓi ba, ko gabansa na faɗuwa saboda wanda aka haɗa su, a'a, shi ne dodo, shi ne mai kashe maza, kuma haka ya kamata ya yi don sana'ar ke nan. Ɗan rap shekara da shekaru yake yi yana gina wannan rigar ƙarfen, sunan da ya laƙaba wa kansa, tafiyarsa, yadda yake ɗaure fuska, kuma da ita yake cin abinci. Fim kuma ba ruwansa da ɗan damben da ke fili, so yake ya bi shi gida da daddare, hannu a kumbure, matarsa na gasa masa da ruwan zafi yana nishi yana cije baki. To duk mawaƙin da ba zai bari a bi shi gida ba, ko wane darakta ka ba shi aikin banza ne.

Dubi yadda 8 Mile ya buɗe. Minti na farko Rabbit, sunan Eminem a fim ɗin, yana banɗakin kulob yana gwaji gaban madubi, tsoro ya kama shi ya yi amai har ya ɓata rigarsa, ya fita ya canza wata daga cikin ledar shara da yake zuba kayan sawarsa, ya hau dandamali aka miƙa masa makirfo, baki ya mutu, ko kalma ɗaya bai iya furtawa ba, jama'a suka yi masa ihu ya sauka. A 2002 fa, lokacin da babu mawaƙin da ya kai shi kasuwa a duniya. Ya yarda a fara nuna shi a haka. Ya bar farin gashin nan da aka san shi da shi ya koma gashinsa mai duhu. A cikin fim ɗin an yi masa dukan kawo wuƙa bai rama ba, ya kama yarinyar da yake so da abokinsa, motar da uwarsa ta ba shi kyauta ko tashi ba ta cika yi ba. Hanson ya zaunar da shi makonni suna gwaji kafin a fara ɗauka, kuma ya kewaye shi da ƙwararru, Kim Basinger a uwa, Mekhi Phifer a aboki, Brittany Murphy, da Anthony Mackie wanda wannan ne fim ɗinsa na farko.

Kuma ka lura da wayon da aka yi, ba tarihinsa aka kwafe ba. Scott Silver ne ya rubuta labarin, an canza suna, ainihin Eminem a gidan abinci ya yi aiki yana girki da wanke-wanke, a fim aka kai shi masana'anta, a zahiri 'ya gare shi a lokacin, a fim aka mayar da ita ƙanwa. Wannan ɗan nisan da aka ba shi tsakaninsa da Rabbit shi ne ya sa ya samu sararin yin aktin, domin ba Eminem ake kunyatawa ba, wani Jimmy Smith ne, wato ainihin sunan Rabbit a fim ɗin. Har ƙarshen ma, gasar da ya ci, da me ya ci ta? Ya riga abokin karawarsa Papa Doc tona wa kansa asiri, ya lissafa duk abin kunyarsa da bakinsa, talaucin, gidan tirelar, dukan da ya sha, sannan ya juya ya tona cewa shi Papa Doc mai cika baki sunansa Clarence, makarantar kuɗi ya yi, iyayensa na zaune lafiya. Ya miƙa masa makirfo babu sauran abin faɗa. Bayan ya ci kuma ba wata kwantiragi ba wata mota, ya juya ya koma aikin darensa a masana'anta. Ni a wurina wannan ƙarshen shi ne rabin darajar fim ɗin.

Amma kar ka ɗauka ina cewa Eminem babban jarumi ne, a'a. Ka kalle shi da kyau za ka ga fuska kusan ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ido a buɗe, baki a rufe, fushi a danne. Sa'ar da aka yi ita ce an ɗinka rigar daidai jikinsa, Rabbit mutum ne mai haɗiye magana, saboda haka shirunsa ya zama aktin. Shi ma da alama ya san iyakarsa, tun daga nan bai sake jan wani fim ba sai 'yan leƙe da yake yi na minti biyu, har Southpaw da aka fara tsara shi dominsa, Jake Gyllenhaal ne ya ƙare da yi a 2015. Oscar ɗin da ya samu a 2003 ma na waƙar Lose Yourself ne, waƙar rap ta farko da ta ci wannan kyautar, ba na aktin ba, kuma ko zuwa wurin bai yi ba.

Yanzu koma kan 50. Wallahi ina son mutumin nan, yana da kwarjini, yana da murmushin da ke sa ka rasa ko wasa yake ko kashe ka zai yi. Amma a fim ɗin nan fuskarsa kamar an kulle ta an jefar da makullin. An kashe uwa, fuska ɗaya. An haifa masa ɗa, fuska ɗaya. Yana kwance an ɗaure masa muƙamuƙi da waya bayan harbin, wurin da ya kamata hankalin mai kallo ya tashi, nan ma kana jin kamar labarin wani yake ba ka. Akwai sin ɗin faɗa a banɗakin gidan yari da suka yi ba kaya a jikinsu, wato ya yarda ya tuɓe riga a gaban duniya, amma fuskar nan bai tuɓe ta ba. Kuma duk sanda Terrence Howard ya shigo, ko Adewale Akinnuoye-Agbaje, ɗan asalin Najeriyar nan da ya fito a mugun, ko Viola Davis a kaka, sai idonka ya bar mai fim ɗin ya koma kansu.

Bari in ba ka wani sirri na ɗakin editin. Idan ka ga fim an cika shi da muryar jarumi yana ba da labari a bayan hoto, yana gaya maka abin da yake ji a ransa, to sau da yawa faci ne, fuskar ba ta bayar ba shi ya sa aka sa baki ya faɗa. Fim ɗin 50 cike yake da wannan. Wani facin kuma shi ne edita ya riƙa guduwa daga fuskar jarumin yana yankawa zuwa kan wanda suke magana da shi, ko hannu, ko taga, ko mota na wucewa. Na yi irin wannan facin da hannuna ba sau ɗaya ba, shi ya sa nake gane shi daga nesa.

Me ya sa wanda abin ya faru da shi zai kasa nuna shi? Dalili ɗaya shi ne ya riga ya ba da labarin sau dubu. Kafin 2005 50 ya faɗi zancen harsashi 9 ɗin nan a waƙa, a rediyo, a mujalla, a talabijin, har labarin ya yi sulɓi kamar tsohon kwabo, ya zama tambarin kasuwancinsa. Abin da ka mayar da shi kirari da wuya ka dawo da shi ciwo. Wani dalilin kuma mutum ne da ya rayu ta hanyar ɓoye abin da ke ransa, a titin da ya taso idan aka ga rauninka ka shiga uku, to yau ka zo ka ce masa saki jikinka ga mutum 60 a lokeshin da fitilu da kyamara a hancinsa, kuma a maimaita sau 15, kuma yau a ɗauki sin ɗin asibiti gobe a koma na yarinta jibi a dawo na harbi, don ba a jere ake ɗaukar fim ba. Wannan sana'a ce daban, koyonta ake yi. Shi kansa ya fi kyau sosai daga baya a shirin Power da aka fara a 2014, inda ya fito a Kanan, mugu marar imani, saboda a nan rufaffiyar fuskar da murmushin nan su ake buƙata, ga shekaru kusan 10 na gogewa, kuma ba 50 Cent yake karewa ba.

Na taɓa aiki da wani mawaƙi, ba zan faɗi suna ba, shi ya sa kuɗinsa aka rubuta labarin tasowarsa. Akwai sin ɗin da mai gida zai zo ya ci masa mutunci kan kuɗin haya a gaban maƙwabta shi kuma ya sunkuyar da kai, kuma da bakinsa ya ba mu labarin, ya ce haka aka yi masa har ya shiga ɗaki ya yi kuka. Ranar ɗauka sai ya ce ina, masoyansa ba za su gan shi a haka ba, a gyara, shi zai mayar wa mai gidan magana ya jefa masa kuɗin a fuska. Mai kuɗi ya yi magana, aka gyara. Sin ɗin ya mutu murus, kuma shi ne sin ɗin da duk fim ɗin ya jingina da shi.

Wannan ita ce babbar cutar irin waɗannan finafinan, mai labarin shi ne mai kuɗin ko mai iko da rubutun. Ko ba shi ya fito ba ma cutar tana nan. Straight Outta Compton na 2015, tarihin ƙungiyar rap ta N.W.A da su Dr. Dre da Ice Cube suka taso a ciki, fim ne mai kyau, ɗan Ice Cube ne ya fito a babansa kuma ya yi ƙoƙari, amma da yake Dr. Dre da Cube suna cikin furodusoshi sai aka tsallake dukan da Dre ya yi wa 'yar jaridar nan Dee Barnes a 1991 kamar ba a yi ba, sai da surutu ya yi yawa ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

Kuma abin bai tsaya kan 'yan rap ba. Muhammad Ali da kansa ya fito a matsayin Muhammad Ali a The Greatest a 1977, mutumin da duniya ba ta taɓa ganin mai iya magana gaban kyamara kamarsa ba, amma yau wa yake tuna fim ɗin? Sai ga Will Smith, wanda shi ma da rap ya fara, ya fito a Ali a 2001 har aka sa shi takarar Oscar. Kuma shi Will Smith ɗin da bakinsa ya faɗa cewa a farkon shirinsa na talabijin The Fresh Prince of Bel-Air haddace layukan kowa yake yi, idan ka duba za ka ga leɓensa na motsi lokacin da wani ke magana. Shekaru ya yi yana koyo.

Idan ka lura, 'yan rap ɗin da suka fi burge mutane a fim yawanci ba kansu suka fito ba. Tupac a Juice, 1992, ya fito a Bishop, yaron da ya harbe abokinsa sannan ya je wurin makoki ya rungume uwar mamacin yana mata ta'aziyya, kallon da yake yi a fim ɗin nan har yau yana sa tsigar jikina tashi, amma Tupac ai ɗan makarantar wasan kwaikwayo ne, ya yi Baltimore School for the Arts kafin duniya ta san shi da waƙa. Ice Cube a Boyz n the Hood, 1991, kowa ya ɗauka Doughboy, ɗan daban da ya fito a matsayinsa, shi ne, alhali shi a gaban uwa da uba ya tashi har ya je ya karanta zanen gine-gine a Phoenix, labarin ya fi kusa da rayuwar darakta John Singleton. Ya san unguwar, ya san irin mutanen, amma ba mutuncinsa ne a kan faifai ba, shi ya sa a sin ɗin ƙarshe da yake zaune a ƙofar gida bayan an kashe ɗan'uwansa ya iya sakin jiki. Ko a nan Najeriya, Reminisce a King of Boys na Kemi Adetiba a 2018, Makanaki ɗin da ya yi ai ya tsorata mutane da gaske, kuma ba tarihinsa ba ne. Indiyawa ma da za su yi Gully Boy a 2019, wanda aka tsakuro daga rayuwar Divine da Naezy na Mumbai, Zoya Akhtar ba ta ɗauko mawaƙan ta ce su ja fim ɗin ba, Ranveer Singh ta ɗauko ya koyi rap ɗin.

Kar in yi musu rashin adalci dai, suna da abin da sabon jarumi ba shi da shi. Hadda ba ta ba su wahala, sun san inda ake jan numfashi da inda ake sauke kalma, taro ba ya firgita su. Amma bidiyon waƙa ya koya musu wasu ɗabi'u da sai an kankare, kallon cikin idon kyamara, wasa da hannu, cika fili. A fim idan kyamara ta matso fuska ko gira ka ɗaga da yawa ya zama ihu. Kuma mafi wuya shi ne sauraro, don a waƙa kai kaɗai ke magana kowa na jinka, a fim kuwa rabin aikinka kana tsaye ne wani na magana kuma dole a ga maganar tana shigarka. Akwai waɗanda suka tsallake ta wata hanyar, kamar 'yan ƙungiyar rap ta Kneecap na Belfast da suka fito a matsayin kansu a fim ɗinsu na 2024 kuma abin ya yi kyau, amma su da barkwanci suka bi, sun yarda a yi musu dariya, sun mayar da kansu abin tsokana, wanda shi ma wani nau'in tuɓe rigar ƙarfen ne.

Saboda haka idan kun koma majalisa, abokinka yana da gaskiya ta wani ɓangaren, tallan waƙa yana ciki, duka finafinan biyu da kundin waƙoƙinsu suka fito kasuwa. Amma ku yi wannan gwajin kafin ku ci gaba da musu. Ku kashe sauti gaba ɗaya, ku sa sin ɗin da Rabbit ya dawo gida uwarsa na gaya masa za a kore su daga gidan tirela saboda bashin haya, kar ku kalli Kim Basinger, shi za ku kalla lokacin da ba ya magana. Sannan ku sa duk wani sin na 50 da Joy Bryant, wadda ta fito a budurwarsa Charlene, shi ma ba sauti, ku sa wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba ya faɗa muku ko labarin daɗi take ba shi ko na baƙin ciki.